Yaron Da Aka Tsare Shi Ma Ɗalibi Ne

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wani abu da na gani da idona a hutun da ya wuce, wanda har yau ya ƙi fita daga zuciyata.

Akwai wani yaro a unguwarmu a Wasagu da muka yi firamare tare. Ba zan faɗi sunansa ba don kada in tona masa asiri. Tun daga aji uku har muka gama ban taɓa fin sa maki a lissafi ba. Da muka gama, ni na sami shiga makarantar kwana. Shi kuwa 'yan bindiga suka kore shanun ubansa, gona ta gagare su zuwa, sai ya koma yin dako a kasuwa. Wata rana aka kama shi da wayar wani ɗan kasuwa. Ban ce bai yi laifi ba, shi ma bai musa ba. Amma wata bakwai ya yi a tsare tare da manyan mutane, ba littafi, ba malami. Da na je gaishe shi bayan an sako shi, na miƙa masa littafina na lissafi don mu tuna da. Ya jujjuya shi, ya mayar mini, ya ce, "Kai dai ka yi ta yi, ni nawa ya ƙare." Shekararsa 16, daidai da ni.

To, a nawa ɗan ƙaramin ra'ayi, horon da zai raba yaro da karatu ya wuce girman laifinsa. Zaman tsare yana da ranar ƙarewa, amma jahilcin da ya fito da shi yakan bi shi har tsufa.

Da na dawo makaranta na tambayi malaminmu na tarihi ko hukuma ba ta da wurin da ta tanada don irin waɗannan yara. Ya ce akwai, ana kiransa Bostal. Sunan wani ƙauye ne a Ingila inda aka fara wannan tsari a 1902, don a raba samari masu laifi da manyan fursunoni. A Nijeriya tata dokar ta fara aiki a 1962, domin samari 'yan shekara 16 zuwa 21. Waɗanda aka fi sani su ne na Kaduna da Abeokuta da Ilorin. A can ana koya wa yara aikin kafinta da ɗinki da walda, akwai kuma azuzuwa, har wasu sukan zauna jarrabawar WAEC da NECO kamar yadda mu ma za mu zauna. Sa'an nan dokar 2019, wadda ta sake wa hukumar gidajen yari suna zuwa hukumar gyaran hali, ta hana a haɗa yara da manya wuri ɗaya, ta kuma ce a kafa irin wannan makaranta a kowace jiha, ta maza daban, ta mata daban. Cikin ukun nan na Kaduna ne ya fi kusa da mu, shi ma tafiya ce mai nisa ga talakan da ke neman na tuwon dare.

Yanzu mu tambayi kanmu, su wane ne yaran da ke faɗawa hannun hukuma? Duk wanda ya buɗe ido ya san amsar. Galibi 'ya'yan talakawa ne, da marayu, da waɗanda suka bar makaranta, da waɗanda ƙwaya ta ja. Ɗan mai hali in ya yi irin wannan laifi, kafin rana ta faɗi an yi belinsa, gobe yana aji. Wasu kuma iyayensu ne da kansu ke kai su gidan mari don an ce sun kangare. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen nan ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba, wurin kirki ne suka rasa.

Na san wani zai ce, mu da ba mu ɗauki kayan kowa ba kujeru ma ba su ishe mu ba, ta yaya za a kashe kuɗi a kan ɓarayi? Maganarsa tana kan hanya. Amma yaron nan garinmu zai dawo. In ya dawo da sana'a da takardar shaida, maƙwabci muka samu. In ya dawo da abin da ya koya wurin manyan ɓarayi, wa ya san inda zai nufa, alhali daji na nan kusa da masu neman irinsa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, gwamnati ta cika dokar 2019, mu ma Jihar Kebbi mu sami tamu. Na biyu, kamar yadda ake manna sakamakonmu a allon sanarwa kowane zango, haka waɗannan makarantu su riƙa bayyana yara nawa suka shiga, nawa suka iya karatu, nawa suka ci jarrabawa, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Da haka ne za a gane ko gyara ake yi ko ajiya kawai. Na uku, mu ɗalibai da iyaye, in yaro ya dawo kada mu riƙa nuna shi da baki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ni dai na bar wa abokina littafin nan a kan tabarmarsa, ban karɓa ba. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa zan je in ga ko ya buɗe shi. Allah ya shirye mu baki ɗaya, amin.