Filin Kiɗa da Waƙa: Shin VIP Namu Ne, Ko Kuwa Sun Bar Mu?

A wannan wata za mu taɓo wata gardama da ta daɗe tana yawo a zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi a Ankara har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, wato gardamar da masu sauraro ke yi a kan ƙungiyar mawaƙan nan ta VIP da fayafayenta.

Ga wanda bai sani ba, samarin Nima ne suka kafa wannan ƙungiya a shekarun 1990, cikakken sunanta kuwa shi ne Vision In Progress. A lokacin ne kiɗan hiplaif, wato gambarar zamani da aka gauraya da hailaif, yake tasowa, musamman bayan Reggie Rockstone ya fitar da faifansa Makaa Maka a 1997. Gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Joy FM da ya fara aiki a 1995, su suka buɗe wa wannan kiɗa ƙofa. VIP sun fito da faifansu na farko a 1998, suna waƙa da Tonanci da Hausa da Turancin buroka. A 2003 suka fitar da Ahomka Womu, wadda ta sa a 2004 aka zaɓe su gwarazan shekara a bikin ba da kyaututtukan waƙa na Ghana.

To, a nan ne fa ra'ayin masu sauraro ya rabu gida uku.

Na farko su ne dattawanmu, waɗanda suka tashi da kasakasan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Su a wurinsu waƙa magana ce, kiɗa rakiya kawai yake yi mata. Da an sa musu faifai, tambayarsu ɗaya ce: me ya ce? Tun da kuwa yaran nan suna zuba magana kamar ana korarsu, sai dattawa suka yanke hukuncin cewa hayaniya ce kurum.

Na biyu su ne masoyan farko, waɗanda suka sayi kaset ɗin ƙungiyar tun ba a san ta ba. Waɗannan suna cewa daga Ahomka Womu ne aka ƙwace musu mawaƙansu, domin sunan waƙar na Tonanci ne, kiɗan kuma ya yi laushi ya koma irin na hailaif. A ganinsu an rage Hausa ne don a samu kasuwa.

Na uku kuwa, su suka fi yawa, cewa suke yi wannan faifai shi ne ya fi kowanne. Hujjarsu ita ce waƙar ta tsallaka har Nijeriya, kuma a 2017 Wizkid ya gina tasa waƙar mai suna Manya a kanta. Waɗannan ma sun sake rabuwa bayan Promzy ya fita, Reggie Rockstone ya shigo a 2014 aka koma kiran ƙungiyar VVIP. Wasu suka ce ƙungiya ta ƙara ƙarfi, suna misali da waƙar Skolom, wasu kuma suka ce wadda suka sani ta riga ta watse.

Mu dai a namu ganin kowa yana da tasa gaskiyar, amma akwai abin da aka manta. Yaron zango da Hausa yake magana a gida, da Tonanci ko harshen Ga yake ciniki a kasuwa, da Turanci yake karatu a makaranta. Idan ya gauraya su a waƙa, ai rayuwarsa ya rera. Haka kuma kada mu manta da irin kallon da ake yi wa Nima a wancan zamani. Yaran nan sun ɗauki sunan unguwar sun kai shi inda ake tafa masa, suka kuma riƙa shirya wasan Sallah a cikinta. Wanda ya yi haka bai bar gida ba.

Sai dai ga masu kukan an rage Hausa, muna da tambaya. Nawa ne daga cikinmu suka sayi kaset na asali, nawa ne kuma suka ari na maƙwabci suka kwafa? Mawaƙi inda ake saye yake fuskanta. Ko a bukukuwanmu ma abin da muke yi ke nan. Da Hamisu Breaker ya fitar da Jaruma a 2020, ta game gidajen bikinmu, kuma ba mu ce laifi ba ne. Amma yaron unguwa da ke waƙa da irin Hausarmu ta zango, sai mu ce Hausarsa ba ta nuna ba, mu ƙi gayyatarsa. Idan muka ci gaba da haka, nan gaba ba za a ji muryar Hausawan Ghana a waƙa ba sai ta baƙi, alhali kuwa naka sai naka.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu dattawa su saurara tukuna kafin su yanke hukunci. Inda aka yi batsa a tsawata, inda aka faɗi gaskiya a sa albarka. Samari kuma, idan kuna son a yi muku waƙa da Hausa, ku nemi a sa ta a rediyo, ku gayyaci masu yin ta, ku biya su haƙƙinsu.

Muna jiran wasiƙunku, ku gaya mana faifan da ya fi kwanta muku a rai da dalilinku. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, Allah Ya bar zumunci.