Martani: Kwamfuta Ba Ta Share Iskar Hunturu

Wani ra'ayi da aka wallafa, wai a ɗauki kiɗan fadar Damagaram a fili ko yaya, kwamfuta za ta share rurin iska daga baya, kuskure ne. Iskar hunturu da ke kaɗawa a Zinder, inda fadar take, daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana dukan makirufo kai tsaye, kuma yawancin rurinta yana ƙasa da Hz 200, inda amon tambari yake. Wanda ya yanke rurin ya yanke tambarin. Kakaki da algaita za su tsira. Tun wurin ɗauka ake magani: a sa wa makirufo soso ga iska mai sauƙi, rigar gashi ga mai ƙarfi. Mai ɗauka kuwa ya fake jikin katangar fada a unguwar Birni, ya ba arewa maso gabas baya.