Haƙƙin Hutu: Amanar Da Ke Wuyan Hukuma

A asibitocin gwamnati da gidajen gyaran hali na Najeriya akwai ma'aikatan da dare da rana ɗaya ne a gare su. Likita kan kama aiki da safe, ya kwana a kansa, ya wayi gari yana duba marasa lafiya. Ganduroba kan ci gaba da tsaro bayan lokacinsa ya cika, saboda babu wanda zai karɓe shi. Muna ganin lokaci ya yi da za a sanya wa wannan aiki iyaka ta doka.

Tun a shekarar 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana da awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Tarayyar Turai ta ƙayyade matsakaicin awa 48 a mako, tare da hutun awa 11 a jere kowace rana. A Najeriya kuwa, Dokar Ƙwadago ta bar tsawon lokacin aiki a hannun yarjejeniya, kuma ba ta lissafa ƙwararrun jami'an gwamnati cikin waɗanda take karewa ba. A 2025 sai da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta umarci mambobinta da kada su wuce awa 24 a jere suna bakin aiki.

Musulunci bai bar wannan batu a buɗe ba. A hadisin Abu Zarr da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, idan kuma an ɗora masa to a taimaka masa. A hadisin Nana A'isha (RA) an umarci mai gyangyaɗi a cikin salla da ya je ya yi barci, don kada ya nufi istigfari ya ɓige da zagin kansa. Idan an ji tsoron kuskuren mai barci a kan sallarsa, ina ga mai riƙe da wuƙar tiyata ko mai auna maganin jariri? Haka kuma an hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, malaman fiƙihu suka haɗa da yunwa da rinjayen barci. Ganduroban da gajiya ta ci ƙarfinsa ya fi kusa da zaluntar fursuna, alhali fursunan amana ne a hannunsa.

Za a ce ma'aikata sun yi ƙaranci, kuma gaskiya ne. Sai dai matsa wa waɗanda suka rage shi ke ƙara tura su ƙasashen waje. Maganin ƙaranci shi ne ɗaukar sababbi da biyan su a kan kari.

Muna kira ga Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su kafa dokar da ta fayyace iyakar awoyi, da hutun dole bayan aikin kwana, da biyan kuɗin ƙarin lokaci. Limamai su ɗauki batun a huɗubobin Juma'a. Mu kuma masu jinya, mu sassauta harshe ga ma'aikaciyar da muka tarar a gajiye. Kowane shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo.