An kashe maciji, ba a sare kansa ba

Kullum bayan sallar asuba nakan bar gida a Kanvili in nufi tasha. Aikina na farko shi ne duba kanun jaridu, in juya su zuwa Hausa da Dagbanci saboda masu sauraro. Kusan dukkan jaridun nan a Accra ake buga su. Abin da aka hana su rubutawa, mu ma a Tamale ba za mu same shi mu faɗa ba. Shi ya sa dokar da ta shafi jarida ta shafi duk mai rediyo a kunne.

A takarda, Ghana ba ta da abin kunya. Babi na 12 na tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da 'yancin kafafen yaɗa labarai, sashe na 162 ma ya hana a tilasta wa mutum neman lasisi kafin ya buɗe jarida. A 2001, zamanin Kufuor, majalisa ta soke dokar da ke ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna. Aka yi ta murna.

To amma an bar sashe na 208 na dokar laifuffuka ta 1960, wanda ya mai da yaɗa labarin ƙarya mai tayar da hankali laifi. A 2008 kuma aka ƙaro sashe na 76 na dokar sadarwa, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Wa ke fara yanke cewa labari ƙarya ne? Ɗan sanda. Da irin wannan tuhuma aka kama Kwabena Bobie Ansah na Accra FM a Fabrairun 2022. Ko kotu ta sallame ka daga baya, ka riga ka kwana a bayan kanta, sauran abokan aikinka kuma sun ɗauki darasi.

Za a ce ai akwai 'yan jarida maƙaryata. Akwai su, na san wasu. Wanda aka ɓata wa suna yana da kotu inda zai nemi diyya, yana da Hukumar Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, tsarin mulki kuma ya wajabta wa jarida ta buga martaninsa. Me ya kawo ankwa cikin maganar?

Laifin ba na 'yan majalisa kaɗai ba ne. NDC da NPP duk masoyan 'yan jarida ne idan suna adawa, wannan mun saba. Abin da ke ci min rai shi ne namu halin. Idan masu jaridu suka samu zama da hukuma, kukan da ya fi ƙarfi shi ne tsadar takarda da rabon tallar gwamnati. Kukan gaskiya ne, jarida ba ta rayuwa da iska. Amma jaridar da abincinta ke hannun ma'aikatar da ya kamata ta bincika, yaya za ta ɗaga murya? Haka mu ƙanana da ke jiran ambulan ɗin "soli" bayan kowane taro.

Dubi abin da doka mai kyau ke yi idan aka riƙe ta. Bayan kusan shekara 20 ana jan ƙafa, an samu dokar 'yancin samun bayanai a 2019. A 2021 Hukumar Ma'adinai ta nemi dala 1,000 daga jaridar The Fourth Estate kafin ta ba da bayanai. Suka kai ƙara, aka ce kuɗin bai kai sidi 2 ba. Ni ma na taɓa rubuta wa wani ofishi a nan arewa kan wata kwangila. Doka ta ce a amsa cikin kwana 14. Aka yi shiru, ni kuma na haƙura. Wannan haƙurin nawa kuskure ne.

Kada mu ce abin na can kudu ne. Ahmed Hussein-Suale, da aka harbe a Madina ranar 16 ga Janairun 2019, ɗan Wulensi ne, ɗan arewa. A nan Tamale, ranar 3 ga Mayun 2023, ranar 'yancin 'yan jarida ta duniya, aka kutsa ɗakin shirye-shiryen Dagbon FM aka ci zarafin mai gabatarwa yana kan iska. A 2018 Ghana ce ta 23 a jerin ƙungiyar RSF, ta ɗaya a Afirka. A 2022 ta faɗo ta 60.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyinmu, GJA da PRINPAG da GIBA, su sa soke sashe na 208 da na 76 a saman buƙatunsu, kafin maganar haraji da talla. Su nemi a kafa ƙa'ida a fili ta rabon tallar gwamnati, yadda ba za a hukunta jarida da yunwa ba.

Kai kuma mai sauraro, idan ɗan majalisarka ya shigo shirinmu aka buɗe layi, kira ka tambaye shi ina ya tsaya kan sashe na 208. Ni zan tambaya, kuma ba zan katse ka ba.