Kafin Ka Ɗauke wa Baƙuwar Kwamfuta Wuta

Duk mai kula da saba ya san irin wannan dare: ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke zaune a cikin babbar na'ura ta daskare, ba ta amsa kira, jama'a kuma suna jira. A tsarin KVM na Linux, irin wannan kwamfuta ana ce mata baƙuwa, na'urar da ta ɗauke ta kuwa mai masauki. Daga wurin mai masaukin ake ba ta umarni da manhajar virsh.

Umarnin virsh shutdown roƙo ne kawai. Yana sanar da baƙuwar ta rufe fayilolinta ta kwanta da kanta, wadda ta daskare kuwa ba za ta ji ba. Shi ko virsh destroy, duk da sunansa na nufin rusawa, ba ya goge faifai. Yana tsayar da ita ne nan take, tamkar an ɗauke wuta. Daga nan virsh start ya tashe ta.

Ban ga laifin amfani da ƙarfi ba idan ya zama dole. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi matakin farko. Duk bayanin da ke ƙwaƙwalwa bai kai ga faifai ba, ya tafi ke nan. Tsarin fayil irin ext4 yana iya gyara kansa bayan irin wannan katsewa, amma ba ya dawo da abin da ba a rubuta ba.

Sannan ba kowace shiru ce mutuwa ba. Idan faifan mai masauki ya cika, QEMU kan dakatar da baƙuwa domin kare bayananta. Umarnin virsh list zai nuna haka. A samar da fili, virsh resume ya mayar da ita inda ta tsaya. Wanda ya yi gaggawar kashe ta ya jawo asara a banza.

Za a ce kowane minti kuɗi ne. Gaskiya ne. To amma duba halin da take ciki bai wuce minti biyu ba. Idan kuwa kisan ya wajaba, a fara da virsh dump a adana abin da ke ƙwaƙwalwarta, domin a nan ake binciko sanadin daskarewar. Wanda ya tashe ta bai san abin da ya kayar da ita ba, ya shirya sake tashi tsakar dare.