Kifin Teku A Falo: Wa Zai Auna Mudun?

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, akwai wurin da maganar nan ba ta ci ba, watau akwatin gilashin da masu sha'awa ke kiwon kifayen teku da murjani a cikinsa don ƙawata falo ko zauren otel. Ruwa yana iya zama garau alhali kuwa cike yake da guba, ido bai gani ba, hanci bai ji ba, sai a wayi gari kifin da aka saya da tsada ya juya ciki sama. Saboda haka mai wannan kiwo ba shi da madogara sai kayan gwajin ruwa. Abin da ya sa muka ɗauko zancen a wannan mako shi ne kayan gwajin su kansu sukan yi ƙarya, kuma wanda ma'auni ya ruɗa zai yi ta zuba magani a ruwan da lafiyarsa lau, har ya kashe abin da yake tattali da hannunsa.

Mu fara da gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kashi 35 cikin dubu, abin da ya yi daidai da 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Ma'aunin da ya fi araha shi ne na roba mai allura, amma ƙwayar kumfa ɗaya in ta maƙale wa allurar sai ta ɗaga ta, ga kuma gishirin da kan bushe a jikinta ya sāke mata nauyi. Wanda ya fi shi shi ne madubin leƙawa da ake kira rifraktomita. Shi ma da nasa tarkon. Da yawa daga cikinsu an ƙera su ne don ruwan gishirin miya, ba don ruwan teku ba, saboda haka in aka daidaita su da tataccen ruwa a kan sifiri, sai su nuna 35 alhali abin da ke cikin akwatin bai wuce wajen 33 da rabi ba. Maganin abin shi ne a sayi ruwan daidaitawa wanda aka haɗa a kan 35 cif, a riƙa saita madubin da shi.

Na biyu, kuma wanda ya fi saurin kisa, shi ne ammoniya, wadda ke fitowa daga kifin kansa da ragowar abincin da ya ruɓe. Ƙwayoyin halitta su ke mai da ita naitirait, sa'an nan naitiret. Biyun farko sifiri ake so a gani. Sinadarin gwajin ammoniya iri biyu ne: na Nessler, wanda kan gurɓace ya yi hazo in ya gamu da kalsiyam da maganisiyam na ruwan teku, da na salisilet, wanda launinsa ke tashi daga rawaya zuwa kore. Lalle mai saye ya duba kwalin ya tabbata na biyun ne, kuma an rubuta ya dace da ruwan gishiri, tare da katin launi na ruwan gishiri. Dalilin matsa wannan magana kuwa shi ne ruwan teku yana da pH wajen 8.1 zuwa 8.3, kuma gwargwadon hawan pH, gwargwadon dafin ammoniya.

Naitiret kuma rikicinsa na lissafi ne. Wani kamfani yana ba da adadin naitiret ɗungurungum, wani kuwa naitirojin ɗin da ke cikinsa kaɗai yake ƙirgawa, tsakaninsu akwai ninki 4.4. Mutum biyu sai su yi ta gardama a kan ruwa ɗaya, kowa da gaskiyarsa.

Mai kiwon murjani aikinsa ya fi yawa, don sai ya tsare kalsiyam a kan kashi 400 zuwa 450 cikin miliyan, maganisiyam wajen 1,300, ƙarfin alkali kuwa 7 zuwa 11 a ma'aunin dKH. A nan ƴan takardun tsomawa ba su da amfani, araha ba ta ado. Gwajin ɗigo, irin na Salifert ko Red Sea, inda ake ɗiga sinadari har launi ya juya a karanta abin da ya rage a sirinji, shi ne abin dogaro. Fosfet kuwa, wanda ake so ya tsaya ƙasa da 0.1, launinsa ya yi wa ido siriri ƙwarai, gara ƴar na'urar Hanna mai karanta launi da haske, ko da yake ita ma shatin yatsa a jikin kwalbar ya isa ya ɓata mata lissafi.

A ganinmu, sunan kamfani bai isa shaida ba, musamman a ƙasarmu. Sinadaran nan zafi yana kashe su, ga shi kuwa kafin su iso hannun mai saye sun sha rana a kwantena, sun kuma kwana a kanti babu sanyi. A duba ranar lalacewa kafin a biya kuɗi. In an kawo gida a jarraba sabon kwali da ruwan shaida, watau ruwan da aka riga aka san adadin abin da ke cikinsa, a kuma auna ruwa ɗaya sau uku a gani ko amsar za ta tsaya wuri guda, da hasken rana, a gaban farar takarda. Wanda ke da hali yana iya aika ruwansa ɗakin bincike irin na Triton ko ATI a Jamus, ya gwada sakamakonsu da nasa. In kuwa wata rana adadi ya yi tsalle alhali kifaye suna cin abinci, murjani yana buɗe, to a ajiye kwalbar magani tukuna, a aro kwalin wani a sāke awo.