Kafin Ka Sayi Intakom, Duba Hular da Ke Kanka

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Legas. Yau sai kun yi haƙuri da ni, rubutun zai yi tsawo, kuma na san akwai waɗanda za su ji kamar da su nake. To, da ku ɗin nake. Da kaina ma nake, don ni ma na tafka wannan wautar.

Sati biyu ke nan a zaurenmu na WhatsApp babu hirar da ake yi sai ta intakom, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a gefen hular kwano, mutum yana tuƙa babur yana amsa waya ta Bluetooth, ko yana magana da abokin tafiyarsa babu igiya. Wannan ya turo hoton Cardo, wancan ya ce Sena ta fi, wani ya ce ya ga ɗan China a Computer Village ta Ikeja, araha kamar kyauta, wai kuma yana kai kilomita guda. Aka yi ta musu har ƙarfe ɗayan dare. A duk wannan surutun babu mutum ɗaya da ya tambayi wace irin hula za a maƙala abin a jikinta.

Ni kuwa na san hulunan, don wuri ɗaya muke ajiye babura. Akwai mai rawayar hular leburorin gini, wadda aka yi don ƙusa ko tsakuwa in ta faɗo daga sama, ba don kai ya daki kwalta ba. Akwai wanda tasa ta tsage ya naɗe ta da salatif. Akwai mai hula ta ƙwarai, amma igiyar haɓa kullum tana lilo, wai tana shaƙe shi. Waɗannan su ne ke musun wane intakom ya fi fitar da sauti. Haba jama'a!

Ba gori nake wa kowa ba. Na san abin da ya ɗora da yawanmu kan babur. Mutum yana kwana a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, lakca tana Yaba ko Akoka, kuɗin makaranta ya tashi, abin da ake turowa daga gida ba ya kai tsakiyar wata. Dole a fita kai saƙo da yamma da ranakun Asabar da Lahadi. Ni kaina ina IT ne a wata masana'anta a Ilupeju, ina zaune wurin kawuna a Agege, kuma da kuɗin kai saƙo na biya rajistar bara.

Ga abin da na yi. Na tara 'yan kuɗina na sayi intakom mai araha, alhali hulata irin ta roba ce, mara nauyi, wadda in ka matsa ta da hannu biyu sai ta lanƙwashe. Maƙalin ya ƙi zama a jikinta, sai na kai wa wani bakanike ya huda ta wuri biyu ya ɗaure da noti. Na dawo ina ta jin kaina. Da na hau titi na ƙara wuta, iska ta cinye sautin gaba ɗaya, sai na ƙure ƙarar. Daga amsa waya na koma jin waƙa. Wata ranar Alhamis wajen Oshodi wani danfo ya yi ta danna mini hon ban ji ba, sai da madubinsa ya goge ni a kafaɗa. Allah ne ya rufa asiri. Ko a lokacin ban yi hankali ba, na ce direban ne mahaukaci.

Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne abin da ya sami wani abokina ɗan Funtuwa a daminar da ta wuce. Ruwa ya sauko yana kan hanyar kai kaya, taya ta zame, ya faɗi. Gudun ma ba wani mai yawa ba ne. Amma igiyar hularsa a kwance take, don in ya ɗaure ta makirfon yana takura masa baki. Hula ta yi gabas, shi ya yi yamma, kansa ya bugi gefen kwalbati. Ya yi makonni a asibiti, jarrabawar zangon ta wuce shi, mahaifiyarsa ta kwana a mota daga Katsina ta zo jinya a garin da ba ta san kowa ba. Ni na je na karɓo kayansa. Intakom ɗin ko ƙwarzane bai yi ba, yana nan yana aiki. Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, sai dai har yau in ya daɗe yana karatu kansa sara yake yi.

Wasunku sun ji labarin Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin Najeriya. 'Yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai, har kafafen labaran duniya suka ɗauka ana dariya. Mu da muke jami'a muna ganin mun fi su wayewa. To mene ne bambancin mai ƙwarya da ɗalibin da ya liƙa na'urar zamani a jikin hular gini? Gara ma mai ƙwarya, shi bai kashe ko sisi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa hula ta ƙwarai, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. A lura, in an sa ta daidai. Babu intakom a lissafin.

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, masu cewa intakom almubazzaranci ne, mutum ya cusa iyafis kawai ko ya soke waya a cikin hula. Ku ma ban yarda da ku ba. Mai kai saƙo dole ya ji taswira tana gaya masa inda zai juya, dole kwastoma ya kira shi sau biyar yana tambayar ina ya tsaya. Wanda ke riƙe kan babur da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan a kan titin Ikorodu ya fi kowa kusa da kabari. Iyafis kuma toshe ramin kunne yake yi, su kuwa sipikun intakom a wajen kunne suke zama, in ka rage ƙara kana jin hon da jiniya. Kayan aiki ne mai amfani. Faɗana da ku a kan wanda za a fara saya ne, da kuma abin da ake yi da shi bayan an saya.

Masu cewa in ajali ya zo hula ba ta hanawa, gaskiya ne. Amma ku ɗin nan kuna sa wa babur kwaɗo biyu da dare, ban taɓa jin wani ya ce in rabon ɓarawo ne kwaɗo ba ya hanawa ba.

Ga shawarata ga mai niyyar saye. Fara da hula, mai rufe har haɓa in da hali. Duba tambarin ECE 22.05 ko 22.06 ko DOT, amma kar ka tsaya nan, don sitika ba ta da wuyar bugawa. Ɗaga yadin ciki ka taɓa, ya kamata ka ji farin soso mai tauri da kauri, shi ne ke shanye bugu. Sa ta ka ɗaure igiya ka girgiza kai, in tana yawo ba taka ba ce. Yi hattara da ta gwanjo, hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da bayanta na sheƙi. Duba ko tana da gurbin sipika wajen kunne. Kuma don Allah kar wanda ya huda hula kamar yadda na yi, intakom na kirki da maƙali ko manne yake zuwa.

In kuɗi ya ragu, sai intakom. Nemi wanda ruwa ba ya shiga, mai alamar IP65 ko IP67, kun dai san ruwan Legas a Yuni da Yuli. Nemi mai manyan maɓallai da za ka latsa da safar hannu ba ka kalla ba, mai siraran sipiku da ba za su matse maka kunne ba, mai batirin da zai kai ka yini. Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne fetal, tsakanin benaye da gadoji da tireloli ba za ka samu haka ba. Tsarin nan mai tsada da ke haɗa babura goma ko fiye, na masu tafiya ayari ne. Kai da kake yawo kai kaɗai da akwatin kaya, da wa za ka yi magana? Haɗa shi da wayarka a shagon, ka kira wani, ka ji da kunnenka kafin ka biya. Bayan nan, taswira da gajeren kira kawai. Doguwar hira da mutuniyar, faka a gefe. Waƙa kuwa a bari sai an koma ɗaki.

Abu na ƙarshe, intakom ba lasisi ba ne. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Lagos Mainland inda Yaba take. Ranar 1 ga Satumba ta ƙara Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe, kuma Ilupeju a ƙarƙashin Mushin take. Masu kai saƙo da babur mai ƙarfin 200cc zuwa sama, da takardunsu, su aka bari. Baburan da aka kama kuma mun ga yadda aka murƙushe su. Mu duka mun san cewa Bahaushe a kan babur a garin nan, kallon ɗan okada ake fara yi masa kafin a tambayi katin makarantarsa. Hula ta ƙwarai da cikakkun takardu sun fi yi maka rana a gaban jami'i fiye da fitilar shuɗiya mai walƙiya a gefen kunne.

Ni dai na sayar da nawa na cika na sayi hula. Wata uku na yi ina fakawa in amsa waya kafin na sake sayen wani, kuma ban rasa kwastoma ko ɗaya ba saboda haka. Shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, ina roƙo a taron wata mai zuwa kowane mai babur ya zo da hularsa a duba, wanda tasa ba ta yi ba a yi masa adashi. Iyayenmu karatu suka turo mu. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya ba ɗan uwanmu cikakkiyar lafiya, amin.